Ɗari Biyu da Talatin da Ɗaya

Ni ce ma'ajin kwalejin nan,
Arlys Hovland, shekara sha tara a kujera ɗaya,
a wani lungu na jihar Iowa
inda masara ta tsaya har bakin filin ƙwallo.
Tagata na kallon hasumiyar agogo
mai makara da minti huɗu tun kafin in zo.

Daren ɗaya ga Mayu na ƙirga sunayen
waɗanda suka biya kafin alƙalami.
Ɗari biyu da arba'in muke nema.
Ɗari biyu da talatin da ɗaya suka amsa.
Tara kacal, in ji wanda bai riƙe littafin ba.
Taran nan albashin mutum ce,
da rufin laburare mai yoyo,
da kuɗin gas na hunturu guda.

Yaran da za su cike kujerun nan
ba a haife su ba, shekara sha takwas baya.
Sakandare biyu na gundumarmu
sun haɗe sun zama ɗaya, har da ajin da ba kowa.
Uba zai zauna gabana yana murza hula:
in ta gama, wane aiki?
Bashin nan, ita za ta biya ko jikokina?

Shugaba Tjaden ya buɗe zanen gini a teburina.
Sashen koyon jinya, bene biyu.
Asibitocin karkara na kukan rashin hannu,
in ba mu yi tsawo ba, ya ce, ciyawa za ta rufe mu.
Na ce zanen aro ba ya rufe katara.
Ya ce na sani, amma wa ke da nasa?
Wani tsohon ɗalibi, attajirin irin shuka,
ya ba da rabi, a sa sunansa bisa ƙofa.
Rabin kuma banki,
shi da ba ya son suna, sai wata ya ƙare.

Taura biyu ba ta taunuwa.
A bene na uku na tsohon gini
Farfesa Vondra na koyar da Girkanci,
shekara talatin, bana ɗalibai huɗu.
Ni na buga takardar.
Sau uku ina goge kalmar nadama
don ta yi mini kama da ƙarya.

Ya zo ofishina da tuffa cikin jakar takarda,
daga bishiyar bayan gidansa.
Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.
Ya ce, huɗun nan, a bari su ƙarasa.
Ran Alhamis, a kicin ɗina,
ba sai kin buɗe mini layi a littafinki ba.

Agusta ta zo da ƙarar injin kwaɓa siminti.
Talatin da biyu cikin fararen riguna,
har da Yesenia Orozco,
'yar mai yankan nama a masana'antar gefen gari,
ta farko a gidansu da ta taka aji irin wannan.
Na ga uwarta a wurin ajiye motoci
ta riƙe sitiyari, ta kasa tayar da mota.

Ban san ko mun yi daidai ba.
Gini ya tashi, ƙofa guda ta rufu,
mai gidan burodin bakin titi ya ƙara ma'aikaci,
allon bene na uku har yau ba a goge ba.
Ni ma ban ce a goge ba.

Yau na buɗe littafin baɗi.
A saman shafi na rubuta ɗari biyu da arba'in,
da fensir.
Agogo ya buga biyar bayan biyar ta wuce.
Mai gyara ya kawo farashi tun bara,
yana nan ƙarƙashin kwanon tuffa.