Kakin da Ya Tafi

Babana Eladio ba ya naɗe hannun rigarsa na dama.
Akwai tabo a nan har gwiwar hannu,
tagulla ce ta lashe shi yana ɗan ashirin.

A rumfarsa, bayan tashar jirgin ƙasa ta Mieres,
ruwan sama na kaɗa rufi kwana da kwanaki,
shi kuwa yana murza yumɓu da babban yatsa,
yana neman fuskar ƙanensa Xuacu
wanda ramin kwal ya haɗiye ran wata Talata,
ko hular kwanonsa bai mayar ba.

Hoto ɗaya ne, shi ma inuwa ta ci rabinsa.
Sai ya ari kunnuwan mai sayar da madara,
ya ari kafaɗun wani ɗan dako,
ni kuma na yi sati uku a kan akwati
don ya ce haɓata ta gidanmu ce.

Daga yumɓu aka koma kakin zuma.
Watanni yana gyaran jijiyar bayan hannu,
yana zana kaushin tafi da allurar innata,
sannan ya lulluɓe shi da laka, ya nufi tanderu.
Na ce, Baba, ai zai narke.
Ya ce, don haka aka yi shi.
Kakin ya tsiyaye cikin bokiti, ɗis, ɗis,
ya bar rami daidai tsayin mutum.

Ranar zubi ba mai magana.
Ƙarti huɗu suka tallabo tukunya da sanduna,
ruwan tagulla ja wur, yana huci,
ya shiga inda Xuacu ya fita.

Da ya huce aka fasa da guduma.
Ga shi, baƙi ƙirin kamar ya taso daga aiki,
da 'yar huda a kafaɗar hagu inda iska ta maƙale.
Magajin gari ya ce a toshe.
Baba ya ajiye magagari ya ce,
ku bar masa, na ƙarƙashin ƙasa ya san tsadar numfashi.

Yanzu yana tsaye bakin kasuwa, ya yi kore,
ban da gwiwa, da yara suka goge har tana ƙyalli.
Idon Baba ya dushe.
Duk Lahadi nakan kai shi,
ya lalubi fuskar da tsohon hannunsa,
ya yi jim,
ya ce, kunnuwan nan dai ba nasa ba ne.