Baƙar Waya

Na tsaya a gefen tafkin Flathead da la'asar sakaliya,
sanyin Satumba ya fara saukowa daga duwatsun Montana.
Tafi-da-gidankan nan tamu ta karkace
kamar tsohuwar da ciwon ƙugu ya kama.
Na danna makunni. Shiru.
Na sake. Jar fitila ta ƙifta mini ido sau uku,
ƙafafun ƙarfen nan huɗu sun noƙe a cikinta, kunkuru ya ƙi fitowa.

Shayi ya kwanta gefe guda a kofi.
Ƙwan da na fasa ya gangara ya lafe a bakin kasko.

Aikin Orval ne wannan.
Shekara talatin da tara, ni da taswira, shi da sifana,
bara a watan Maris ya ajiye ta, bai ce ga ranar dawowa ba.
Littafi ya bar mini, mai bangon leda,
kowane shafi da tambarin yatsansa na baƙin mai.

Shafi na tara: Lorna, kafin ki zargi famfo, ja birkin hannu.
Na ja. Dama a jaye yake.
Sai batir. Mita ta ce sha biyu da ɗigo shida,
lafiyarsa lau, ya ma fi ni.
Fis na ƙarƙashin kujerar direba, na ɗaga shi ga hasken taga,
zarensa bai tsinke ba.
Man famfo ja wur, ya kai layin da ya zana da fensir.
To ina cutar ta ɓuya?

Maƙwabcina ya ƙaraso, wani Dwight daga Idaho,
da karensa mai farin gemu.
Madam, famfon ya mutu, in ji shi,
dala dubu da ɗari biyu, akwai gareji a Kalispell.
Na ce, riƙe mini tocila.

Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine,
tsakuwa na cizon bayana.
Na ce je ka danna. Ya danna.
Ƙas! Solonaid ya amsa sau ɗaya
kamar mai gyaran murya a ɗaki mai duhu,
famfo kuwa ko uffan.
Wuta ta zo bakin ƙofa ke nan,
me ya hana ta shiga?

Can ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, rubutun ya karkata
irin na lokacin da hannunsa ya fara rawa:
Wuta ba ta barin gida sai ta san hanyar komawa.
Kowa ja yake dubawa. Ke bi baƙar.

Na bi ta da yatsa, taku taku, ta bayan tankin ruwa,
har inda noti ya ɗaure ta a jikin shasi.
Ga shi nan.
Tsatsa ta ci, wani koren gari ya toho a kai,
gishirin titunan Dakota na hunturu biyu da ban wanke ba.
Sifana ta zame, fatar ɗan yatsa ta tafi da ita.
Na zagi notin, na zagi Orval kaɗan,
na goge ƙarfen da samfefa sai da ya nuna mini haƙora.
Na ɗaure tamau.

Dwight, danna.

Famfo ya yi gurnani daga can cikin ƙirjinsa,
mai ya bi jijiya,
ƙafar gaba ta sauko, ta taɓa ƙasa, ta gwada nauyi,
ta baya ta biyo,
gidan duka ya miƙe a kaina a hankali.
Karen ya yi haushi. Ni ban tashi da wuri ba.

Da dare na fasa wani ƙwan, ya zauna daram a tsakiyar kasko.
Na rubuta a shafi na tara, ƙarƙashin nasa:
Satumba, Flathead, baƙar waya. L.

Kumfar ma'auni tana tsakiya cif,
na duba sau biyu.
Katifar ce kawai har yanzu
take gangarar da ni wajen hagu.