Kafaɗar Inna Cima

A littafi, kafaɗa mai ladabi ce.
An zana ta da jan layi da shuɗi,
kibiya nan, kibiya can,
ba ta kuka, ba ta zagi.
Na haddace ta a Yamai, na ci jarrabawa,
sai aka turo ni Tawa in gamu da mai ita.

Inna Cima ta zo daga Koloma a bayan kabu-kabu,
hannun dama manne da haƙarƙari
kamar wadda ta ɓoye kuɗi a hammata.
Wata bakwai ke nan da ta zame a bakin rijiya.
Ƙashi ya kama, mai ɗori ya karɓi zakaransa,
gaɓa kuwa ta rufe ƙofa ta jefar da makulli.

Na ce, me kike so hannun nan ya yi?
Ina jiran ta ce daka, ko jan ruwa.
Ta ce, "Kallabina.
Jikata ke ɗaura mini,
sai ka ce ba ni na koya wa uwarta ba."

Ranar farko na yi gaggawa.
Na kama gwiwar hannu na ɗaga
kamar mai buɗe tsohon akwati.
Ta ƙwalla ƙara, har mai shara ya leƙo ta taga.
Kwana tara ba ta dawo ba.
Kwana tara ina duban benci.

Malam Nomau bai yi faɗa ba.
Ya tuɓe farar riga, ya kwanta a gadon,
ya ce, "Ga tawa, ɓata ta.
Murza tafukanki tukuna, hannu mai sanyi baƙo ne.
Wannan ya danne allon kafaɗa kada ya bi ki.
Wancan ya matso kusa da gaɓa, ba can nesa ba.
Ja kaɗan. Kaɗan na ce,
kamar mai zare gashi daga cikin fura.
In kina son hannu ya hau sama,
kan ƙashi ƙasa za ki lallaɓa shi."
Na ce, Malam, ai wannan baya-baya ne.
Ya ce, "Guga ma sai ya sauka yake hawowa da ruwa."

Na koyi jin ƙarshen hanya da yatsu.
Akwai tsayawar ƙashi da ƙashi, ba a roƙonta.
Akwai ta fatar da rana ta busar,
in an bi ta da haƙuri takan ba da kai.
Sai tsayawar tsoro,
nama ya ɗaure tun ciwo bai iso ba.
Ita wannan a fuska ake karanta ta.

Ran Talata ta dawo da albasa huɗu a leda.
"Na Malam ne," ta ce, ba ta dube ni ba.
Na murza tafukana har suka yi ɗumi.
Na riƙe, na ja kaɗan, na soma kaɗa gaɓar
ƙanana-ƙanana, ina ƙirga talatin a zuci,
ita tana ba silin labarin surukinta na Abija
wanda ko sabulu ba ya aikowa.
Da ta manta da ni sarai,
sai na ji abu ya saki a ƙarƙashin babban yatsana,
gwargwadon ƙwayar gero.
Ban ce komai ba. Na ji tsoron ya ji ni ya koma.

Robar awo ta ce sittin.
Bayan mako uku ta ce tamanin da biyar,
sai ta kafe nan kamar jaki a bakin gada.
Na koma littafi da dare, littafi ya yi shiru.
Muka ci gaba, ni da ita da surukin Abija.

Jiya ta shigo da kallabi a karkace,
ƙullin bisa kunne, bai kai ƙeya ba,
gefe guda na furfura a waje.
Na miƙa hannu in gyara mata.
Ta buge mini shi.

Da na dama.