Warƙa ta Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe takwas, ruwan Braga na dukan taga.
Na hau bene na uku, inda ba a kunna murhu
don kada fata ta tsage.
Sunana Graciete. Aikina auna abin da matattu suka bari.

Tsawo: santimita ashirin da uku.
Faɗi: sha shida, ban da rabon ɓera.
Fatar ɗan maraƙi. Latinanci. Littafin magunguna.
Hannu ɗaya ya rubuta, ko kuwa biyu,
don daga warƙa ta talatin wutsiyar haruffa ta soma rawa,
sai ka ce mai alƙalamin ya tsufa
tsakanin Laraba da Alhamis.

Fihirisar kwamfuta ba ta da gurbin wannan.
Tana da gurbin shekara, na sa: wajen ƙarni na sha uku.
Tana da gurbin marubuci, na sa: ba a sani ba.
Ba ta tambayi warin kundin ba,
ko ɗigon kakin da ya daskare kan sunan wani ganye,
ko shatin ƙoƙon da wani ya ɗora a gefe
yana jiran gari ya waye wa majinyaci.

Warƙa ta arba'in ta ƙare da cewa:
In zazzaɓi ya kwana uku bai sauka ba, a ɗauki
Shi ke nan.
Daga nan sai bakin wuƙa, miƙaƙƙe, ba ko gargada.
Wanda ya yanka ya san aikinsa.
Ta arba'in da biyu kuwa zancen ciwon haƙori take.

Na ɗauki hoto, na ɗora, na rubuta: akwai giɓi.
Na saki kundin cikin yanar gizo
kamar mai sakin guga a rijiyar da bai ga ƙasanta ba.
Shekara shida.
Na binne mahaifiyata a cikinsu,
na canja gilashin ido sau biyu.
Wani dare a asibiti na kama kaina ina cewa,
a ɗauki me? A ɗauki me?

Sai ga saƙo daga Nova Scotia.
Wani tsoho, Lorne, mai gyaran injin kwalekwale,
ya ce akwai wata takarda cikin firam a barandarsu,
saman keken ɗinkin marigayiya matarsa.
Kakansa ya saye ta a wata kasuwa bayan yaƙi,
kuɗinta bai kai na takalmi ba.
Ba wanda ya taɓa karanta ta a gidan.
Jikarsa ce, mai tonon dare a waya,
ta ga rabin da'ira a hotona
ta ce, Kaka, ga ɗaya rabin a bangonmu.

Hoton da ya aiko a karkace yake,
har da inuwar babban yatsansa.
Na jawo shi kusa da nawa a kan allo.
Shatin ƙoƙon ya haɗe
kamar bai taɓa jin labarin teku ba.

A ɗauki na'ana'a da zuma,
a jiƙa tsumma a shafa goshi,
kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Ashe iyakarsa ke nan.
Na daɗe zaune. Ruwa ya tsaya, ya sake sauka.

Lorne ya tambaya ko tilas ya maido.
Na ce ba ni da gurbin tilas.
Na buɗe fihirisa, na goge giɓi,
a wurin ajiya na rubuta sunan garinsa.
Saman keken ɗinki kam bai shiga ba.
Haruffan sun yi wa akwatin yawa.