Agogon Saraya

Teburina yana ƙarƙashin gadar Agege,
gilashi a ido ɗaya, hantsaki a hannu.
Shekara ashirin da biyu ina buɗe cikin agogo,
ina hure masa datti, ina ɗaure masa ƙusa.
Shi ya sa in an ce mini lokaci magani ne
nakan yi shiru. Na san kayan cikinsa.
Hannuwa uku gare shi,
ba wanda ya taɓa dafa goshin majinyaci.

Saraya ta tafi da damina, a asibitin Idi-Araba,
ranar Talata, uku saura kwata.
Aka miƙo mini zanenta da silifas
da agogonta a cikin baƙar leda.
A danfo, kafin mu kai Oshodi,
na zare batirin da farcena.

Masu gaisuwa suka ce, a kwana a tashi, Filibus,
wata rana sai labari.
Na kwana. Na tashi. Na sake kwana.
Lokaci kwandasta ne a garin nan:
ya kira tasha, ya karɓi kuɗinsa,
ya buga ƙofa mota ta wuce,
bai tambayi kowa inda ke masa ciwo ba.

Ya Ubangiji, na yi maka ƙorafi, ka sani.
Na ce, har abokinka ka bari ya kwana huɗu a rami.
Na tuna maka matar nan mai zubar jini,
shekara goma sha biyu ba su warkar da ita ba,
kuɗinta suka cinye.
Da mutumin bakin tafki, talatin da takwas a tabarma ɗaya,
in da shekaru na tsayar da gurgu
ai da ya riga kowa gudu.
Ita bakin riga ta taɓa. Shi murya ya ji.
Ni ina rigar? Ina muryar?

Ba ka amsa ba, ko kuwa ban gane amsar ba.
Iya Bolanle dai takan ajiye gasasshiyar masara
a gefen teburina, ta ƙi karɓar ko sisi.
Matan zumunta sun yi wata bakwai suna karɓa-karɓa da tukunyarmu.
Dattijo Habila yakan zo ranar Alhamis
da agogon da lafiyarsa lau,
ya ce in duba masa,
ya zauna awa guda bai ce uffan ba.
Sai a shekara ta uku na lura
cewa rigarka tana da faɗi,
kuma ta daɗe tana gogar kafaɗata a cunkoson Legas.

Ban warke irin yadda masu gaisuwa suke nufi ba.
In an ɗauko waƙar da take jagoranta a sujada
har yau maƙogwarona yakan rufe.
Amma kai ma da ka fito daga kabari
ba ka goge tabon hannunka ba,
da shi aka shaida ka.

Jiya Keziya ta ce tana da jarrabawa,
ba a shiga da waya.
Ta tsaya tana kallon akwatin, ba ta roƙa ba.
Na ɗauko shi. Na sa sabon batir.
Ya ci gaba daga uku saura kwata
kamar ba abin da ya faru.
Ni na murɗa shi da yatsuna zuwa bakwai da minti goma,
hannuna na rawa, na ɗaura mata.
Ya yi mata yawa. Na huda sabon rami a maɗaurin.

Ta ruga ta kama mota.
Na buɗe teburi, na ce amin,
ban ma san a kan wace addu'a ba.