Shekarun Akwatin Herminia

Maza biyu suka hauro da shi tudun Valparaíso,
suna nishi, suna tsine wa matakala,
Herminia na biye, tafinta a kan katakon
kamar mai raka mara lafiya asibiti.
"Eleuterio, ba gyara ne ya fi damuna ba.
Faɗa mini shekarunsa.
Ni da ƙanena mun yi musu har mun bar gaisawa.
Ya ce bayan haihuwarsa Baba ya sayo talabijin ɗin,
ni kuwa na san a gabansa na koyi tafiya."

Na juya shi ya ba ni baya.
Fuska ta iya ƙarya, ƙeya ba ta iya ba.
Takardar suna na nan, amma gishirin teku ya lashe ta,
saura harafi guda da rabin lamba,
bakwai ce ko ɗaya, oho.
Noti huɗu. Na biyar wani ya maye shi da ƙusa.
Na buɗe:
gawar kyankyaso, kwabon da aka daina karɓa,
fitilu goma sha huɗu tsaye a sahu,
kowace da baƙin tabo a ka.

Duk ƙarfen da ke ciki ya san ranar haihuwarsa,
in ka iya tambaya.
A gindin lasifika ga hatimi da shuɗin tawada:
mako na talatin da takwas, shekarar sittin da biyu.
Wani ɗan gwangwani mai riƙe wuta
ya ce a'a, shi ɗan sittin da takwas ne.
Ban saurare shi ba.
Dalmarsa ta fi ta sauran ƙyalli,
baƙo ne, dasa shi aka yi daga baya,
aikin hannun mai sauri, wanda ake jira a gida.

Shekara ta samu. Saura taswira.
In babu ita, wayoyin nan gari ne
da aka tuge wa allunan tituna.
Sati uku ina yawo.
Kasuwar tsofaffin kaya ranar Lahadi, wayam.
Wani daga Quilpué ya aiko mini da guda,
layi ya bi layi har tsakiya, sannan suka raba hanya.
Kama da wane ba ta wane.

Sai aka ce in gwada matar marigayi Baldomero,
wanda ya shekara arba'in yana ƙona yatsu a sana'ar.
Ta ce, "Takardun nan masu zane?
Ai da su nake wa kanarina shimfiɗa,
kullum ɗaya."
Ta ɗaga tarin daga gefen keji.
Tawa ce ta uku daga sama.
Da na ƙara kwana uku,
da tsuntsu ya riga ni karanta ta.

Ga ta a teburina, naɗin ya kusa raba ta huɗu,
da zagayen kofi a kan hanyar sauti,
da fensirin mamaci a gefe:
"Nan yake fara mutuwa."
Nan ɗin kuwa ya mutu.

Da na kunna, sai da ya yi tunani,
ya yi ƙauri, ya yi tsaki,
ɗigon haske ya buɗe a hankali ya cika gilashi.
Babu hoto, sai yayyafi fari da baƙi.

Na ce, "Sittin da biyu aka ƙera shi.
Amma ranar ƙira daban, ranar saye daban.
Yana iya shekara biyu a kanti yana jiran albashin babanku.
Wannan ƙarfe bai sani ba."

Ta daɗe tana kallon yayyafin.
Sannan ta ce, "Ara mini wayarka.
Saukar da shi sai mutum biyu,
kuma Anselmo har yanzu yana da ƙarfin baya."