Harafi Ɗaya

A Tartu, ƙarfe huɗu rana ta riga ta faɗi.
Külliki ta buɗe kwamfuta,
ta shimfiɗa rasidin kantin magani
wanda mahaifinta ya cika bayansa da fensir:
haruffa da lambobi sittin da huɗu,
mako biyu kafin a kai shi asibiti.

Hatimin littafinsa ke nan.
Shekara tara yana buga shi da yatsa biyu.

Ta zuba fayil ɗin da ƙanenta ya aiko daga Narva
cikin injin da ke niƙa rubutu.
Gari ba ya komawa tsaba,
amma tsaba ɗaya gari ɗaya take bayarwa, ko'ina aka niƙa.

Yatsa kan takarda, ido kan allo.
Nan bakwai, can huɗu.
Tun daga bakin ƙofa ba su gaisa ba.

"Priit, me ka taɓa?"
Shiru a waya, sai ƙarar cokali cikin kofi.
"Shafi na ɗari da sha biyu.
Bai rubuta sunan Mama daidai ba. Harafi ɗaya na gyara."

"Mayar masa da kuskurensa."

Ya mayar. Ta sake niƙawa.
Bakwai, bakwai. Sifili, sifili.
Tana takawa a hankali
kamar mai tsallaka Emajõgi kan ƙanƙara,
har ƙarshen layi.

Sannan ta buɗe shafin.
Ashe ba kuskure ba ne.
Haka yake kiranta a kicin
in ya zaci yara sun yi barci.